In ajiye aikin banki saboda jarrabawar GMAT?

Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikacin banki ne a Abuja, shekaruna 32, ina da mata da 'ya ɗaya, muna zaune a Mararraba. Burina in yi digirin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a Amurka ko Turai, kuma makarantun da nake hange suna neman sakamakon GMAT, jarrabawar da ake yi don neman gurbi a irin waɗannan makarantun. Wata huɗu ke nan ina fama. Ina barin gida wajen shida da rabi na safe, ba na dawowa sai kusan tara na dare, da na buɗe littafi kuma sai barci. Na yi jarrabawar gwaji na samu 515, alhali 645 nake nema, kuma ina so in tura takarduna kafin wa'adin watan Janairu, saura wata huɗu da 'yan kwanaki. Maiɗakina ta fara ƙorafi, wai ko ina gida ba na gida. Na tara abin da zai riƙe mu wata shida. In ajiye aikin in fuskanci karatun? Ogana bai san komai ba tukuna.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sa albarka a neman, Ya raya yarinya.

Kada ka ajiye aikin. Makarantun da kake hange ba makin GMAT kaɗai suke dubawa ba. Suna duba shekarun da ka yi kana aiki, da ƙarin girman da ka samu, da wasiƙar shaida daga wanda kake aiki a ƙarƙashinsa. Mutumin da ya ci 645 yana tsaka da aikin banki ya nuna musu abin da suke son gani, wato zai iya ɗaukar nauyi biyu a lokaci guda. Wanda ya bar aiki ya zauna gida wata shida kuwa, sai ya yi musu bayanin wannan giɓin, kuma bayanin ba mai daɗin faɗa ba ne. Ga kuma batun kuɗi. Ko ka ci jarrabawar a Nuwamba, ko sun ɗauke ka a Maris, karatun a yawancin makarantun ba zai fara ba sai Agusta ko Satumba. Tanadinka na wata shida zai ƙare kafin ka ga ƙofar aji. A manyan makarantun Amurka, shekara biyu na MBA, kuɗin makaranta da na zama, sun haura dala 200,000. Ko an ba ka tallafi mai tsoka, akwai kuɗin cike takardu, da kuɗin kama gurbi, da biza, da jirgi, duk da dala ko yuro ko fam, kai kuma naira kake karɓa. Wannan tanadin yana da aikin da ke jiransa, kada ka cinye shi a tuwo da miya.

Yanzu ga inda nake ganin matsalar take. Ka ce ba ka da lokaci. Ni kuwa abin da na gani a wasiƙarka shi ne kana ba jarrabawar ragowar ƙwaƙwalwarka. Ka wuni da kwastomomi, ka sha cunkoson Nyanya, ka ci abinci mai nauyi, sannan ka zauna ƙarfe goma na dare kana neman kanka ya warware tambayar da aka tsara musamman don ta yaudari mai gaggawa. Ba laifin hazaƙarka ba ne. Ko da ka yi awa biyu a haka, abin da ya shiga bai kai na minti ashirin ba, gashi ka rage barcinka, gobe kuma ka tashi da gajiya. Wata huɗun da ka ce ka yi, ina zargin yawancinsu haka suka tafi.

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma zamanka a Mararraba ya ba ka wata dama da ba ka lura da ita ba. Duk wanda ke bin wannan hanyar ya san bambancin mai fita da an idar da sallar asuba da mai fita shida da rabi. Na farko yana shiga gari cikin ɗan lokaci, na biyu yana iya ɓata fiye da awa a kan titi. To, ka riƙa fita da asuba. Lokacin da kake ƙonawa a cunkoso shi za ka mayar na karatu. Ka isa ofis tun kafin kowa, ka zauna a teburinka ko cikin mota ko wani lungu da ba mai damunka, ka yi awa ɗaya da kwata, waya a kashe. Kwana biyar a mako ya ba ka fiye da awa shida. Ka ƙara awa uku safiyar Asabar da biyu safiyar Lahadi, ka samu kusan awa 11 a mako. A mako 11 ka haura awa 120, kuma awanni ne na mutum mai wartsakakken kai. Sharaɗin shi ne ka kwanta kafin goma da rabi. Dare ya fita daga lissafin karatu gaba ɗaya. Na san makon ƙarshen wata a banki ba a magana. A irin wannan makon ka sauko zuwa rabin awa, amma kada ka yanke. Wanda ya tsallake kwana biyar yakan ɓata wasu biyun kafin hannunsa ya dawo.

Kafin ka ci gaba, ka duba littattafan da ke hannunka. Jarrabawar ta canja a ƙarshen 2023, aka daina tsohuwar a farkon 2024, kuma har yanzu tsofaffin littattafai da bidiyoyi suna yawo a wayoyin mutane, abokai suna tura wa juna da kyakkyawar niyya. Wadda za ka zauna yanzu sashe uku ce, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja tambaya 23, nazarin bayanai tambaya 20. Jimla tambaya 64 cikin awa biyu da kwata, da hutun minti goma in kana so. An cire rubutun insha'i, an cire tambayoyin gyaran jimla, sashen lissafi kuma ba ya tambayar kusurwoyi da da'irori kamar da. Idan littafinka yana da babi a kan gyaran nahawun Turanci, tsoho ne, ka ajiye shi. Maki yana farawa daga 205 zuwa 805, kuma 645 ɗin da kake nema ya yi daidai da kusan 700 a tsohon ma'auni. Ka san da wannan don kada ka ga wani ya ce ya ci 720 a 2019 gabanka ya faɗi. Mudun ba ɗaya ba ne. Abin da kake buƙata bai wuce littafin hukumar da ke shirya jarrabawar ba, wato GMAC, na sabon tsari, da jarrabawoyin gwaji na shafinsu mba.com, inda biyun farko kyauta ne. Tara kayan karatu yakan sa mutum ya ji kamar yana ƙoƙari alhali bai warware tambaya ko goma ba.

Daga 515 zuwa 645 tazara ce babba, ba zan ɓoye maka ba. Ana cike ta, amma ba da yawan tambayoyin da ka yi ba. Jarrabawar tana bin sawunka ne: ka ci tambaya, ta ba ka wadda ta fi ta wuya, ka faɗi, ta sassauta, makinka kuma ya bi ta ƙasa. Saboda haka faɗuwa a tambaya mai sauƙi ta fi yi maka illa a kan faɗuwa a mai wuya, kuma mai 515 yawanci a masu sauƙi da matsakaita yake zubar da maki, ta hanyar gaggawa ko tushen da ya manta tun sakandare. Makonni ukun farko ka koma tushe ba tare da jin kunya ba: kaso cikin ɗari, rabo, ɓangarorin lamba, lambobin da ba sa rabuwa, aljabara mai sauƙi, matsakaici. Kuma da hannu. A sashen lissafi ba a ba da kalkuleta, sai a sashen nazarin bayanai kaɗai. Kai da ka shekara da shekaru Excel na yi maka tarawa da ɗebewa, za ka sha mamakin yadda raba 391 da 17 zai tsayar da kai.

Abu mafi amfani da za ka mallaka a wannan tafiyar shi ne littafin kuskure, ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Duk tambayar da ka faɗi, ko ka ci da sa'a, ko ta ci maka fiye da minti uku, ka rubuta ta, ka rubuta dalili da kalmominka. Ba “ban gane ba” za ka rubuta ba. Ka rubuta “na manta x zai iya zama ƙasa da sifili”, ko “an tambayi ribar, na ba da kuɗin sayarwa”, ko “na zaɓi amsar da take gaskiya amma ba ita aka tambaya ba”. Bayan mako biyu za ka ga kurakuran ba ɗari ba ne, guda biyar ne ko shida suke ta dawowa da sabuwar riga. Safiyar Lahadi ta wannan littafin ce: ka sake warware tambayoyin makon ba tare da leƙen amsa ba. Tambaya goma da ka yi wa haka sun fi hamsin da ka bi a guje ka duba amsa ka ce “au, haka ne” ka wuce.

Akwai wani nau'in tambaya da ba mu saba da shi ba a WAEC ko JAMB, shi ya fi kayar da mutanenmu. Ba a neman ka fitar da amsa, ana neman ka faɗi ko bayanin da aka ba ka ya isa a fitar da ita. Misali, a ce ɗan kasuwa ya sayar da buhu 30, wasu na shinkafa wasu na masara, nawa ne na shinkafa? Bayani na farko: na shinkafa sun ninka na masara. Bayani na biyu: na masara ba su kai 15 ba. Na farko shi kaɗai ya isa, domin 20 da 10 ne ba makawa. Na biyu shi kaɗai bai isa ba, domin zai iya zama 14, zai iya zama 3. Tarkon shi ne ka karanta na farko, amsar ta zauna maka a kai, sai ka shiga na biyu da ita, ka ga ai 10 bai kai 15 ba, ka ce shi ma ya isa. Dole ka koyi manta bayani na farko kafin ka auna na biyu. Wannan horo ne, kuma yana samuwa cikin makonni.

A sashen Turanci kuma kana da jari da ba ka san da shi ba. Tambayoyin auna hujja aikinka ne na kullum. Wani ya kawo takardar neman bashi ya ce cinikinsa ya ƙaru bayan ya buɗe sabon shago, saboda haka in aka ba shi kuɗi ya buɗe na uku zai ƙara ƙaruwa. Kai nan take za ka tambaya: ko lokacin sallah ne cinikin ya tashi? Ko maƙwabcinsa ne ya rufe? Ko farashi ne ya hau ba yawan kaya ba? Abin da jarrabawar ke nema ke nan, ka gano zaton da mai magana ya ɓoye tsakanin dalilinsa da hukuncinsa. Inda za ka fi shan wuya shi ne dogayen nassoshi a kan abin da bai dame ka ba, tarihin ƙungiyoyin ƙwadago ko rayuwar wasu ƙwari, a allon kwamfuta, agogo na tafiya. Maganinsa karatu kullum. Hutun azahar, bayan sallah, minti goma sha biyar: maƙala ɗaya mai nauyi daga jarida kamar The Economist ko Financial Times, in ka gama ka faɗa wa kanka a jimla biyu abin da marubucin ke son tabbatarwa da kuma inda ya juya. Wannan ba ya buƙatar tebur ko littafi.

Game da jarrabawar gwaji, kada ka yi ta kowane mako don jin daɗin ganin maki. Sau ɗaya a mako uku ya isa da farko, sannan a watan ƙarshe ka matso da su. Ka yi ta safiyar Asabar, a zaune guda, da agogo, ba tsayawa amsa waya, sannan ka ba bitarta lokacin da ya kai na yin ta. A nan ne za ka gwada jerin sassan, tunda kai ke zaɓar wanda za ka fara da shi. A nan ne kuma za ka koyi sakin tambaya. Kusan minti biyu ne rabon kowace tambaya. In ta kai uku ba ka ga hanya ba, ka zaɓi wadda ta fi kama da gaskiya, ka sa mata alama, ka wuce. Sabon tsarin ya yarda ka koma ka canja amsa har uku a kowane sashe in lokaci ya rage. Barin tambayoyi ba amsa a ƙarshen sashe kuwa akwai hukuncinsa a maki. Masu taurin kai, waɗanda suka saba zama na ɗaya a aji, su suka fi faɗawa wannan ramin.

Sai maganar maiɗakinka, wadda a ganina ta fi lissafin muhimmanci, kuma na lura a layi ɗaya ka taɓa ta ka wuce. Ƙorafinta gaskiya ne. Tun safe take da yarinya, ka dawo tara na dare, ka ci abinci, ka buɗe littafi ka yi barci a kansa. Ita ba ta same ka ba, karatun ma bai same ka ba. Kuma ina tambayarka, ka taɓa zaunar da ita ka gaya mata abin da wannan MBA ɗin yake nufi gare ta? Da ita za a tafi ko gida za ta koma? Shekara nawa? Da me za su ci? Mace ba za ta yi haƙuri da abin da ba ta san ƙarshensa ba, balle abin da take zargin zai raba ta da mijinta shekara biyu. Ka zauna da ita a wannan makon. Ka nuna mata ranar jarrabawa a kalanda, ka ce daga yau dare nata ne da yarinya, haka ma yammacin Asabar da Lahadi, safiya kuma taka ce har zuwa wannan ranar. Sannan ka cika. In ka dawo, littafin ya kwana a mota. Za ka ga ita da kanta take tashinka da asuba, ita take tare maka yarinya ranar gwaji. Bukukuwa da sunaye na ƙarshen mako kuma, ka zaɓi waɗanda rashin zuwanka zai zama abin magana a dangi, ka je ɗaurin aure ka yi addu'a ka dawo, sauran ka aika da gudummawa da ban-haƙuri. Ta'aziyya da dubiya ba sa cikin wannan rangwamen.

Oganka ba sai ya sani yau ba. Ba wanda ya wajabta maka sanar da ofis abin da kake yi da asubarka, muddin aikinka bai ja baya ba. Amma yawancin makarantun suna son ɗaya daga cikin wasiƙun shaida ta fito daga shugabanka na yanzu, kuma wasiƙar kirki ba a rubuta ta cikin kwana uku. Ka bari sai makin ya zo hannu, sannan ka same shi kai da shi, aƙalla wata ɗaya kafin wa'adi. In kuwa ka san halinsa, ka san faɗa masa zai jawo a hana ka ƙarin girma ko a fara yi maka kallon mai tafiya, to ka nemi tsohon ogan da ya san aikinka da kyau. Fom ɗin makarantu da yawa yana da wurin da za ka yi bayanin dalilin hakan, kuma sun saba gani. Abin da za ka nema daga ofis yanzu shi ne hutunka na shekara. Ka ajiye kwana biyar na makon jarrabawa, ka rubuta neman tun yanzu kafin masu tafiya Kirsimeti su cike jadawalin.

Ranar jarrabawar kuwa, ka sa ta tsakiyar Nuwamba, kuma ka biya kuɗin a wannan makon; kusan dala 300 ne, kuma mutum yakan tashi da asuba da sauƙi in ya san kuɗinsa na ciki. Dalilin Nuwamba shi ne dole a bar kwana 16 tsakanin zama da zama, ka ga in na farko bai yi ba kana da damar sakewa a farkon Disamba, sauran watan kuma na rubuta maƙalolin neman gurbi ne, waɗanda su ma aiki ne ja. Makin da ka ga dama shi za ka tura wa makarantu, bayan ka gan shi, saboda haka zama na farko ba abin tsoro ba ne. Ana iya yin jarrabawar a gida ta intanet, amma ni ban ba ka shawarar haka ba. Ana buƙatar wuta da intanet da ba za su yanke ba har fiye da awa biyu, da ɗakin da ba mai shigowa, kai kuma ka san NEPA, ka san 'yarka. Ka je cibiyar jarrabawa. Ka duba fasfonka tun yau, ka tabbata bai mutu ba, kuma sunan da za ka yi rajista da shi ya zama harafi da harafi irin na cikinsa. Muhammad da Mohammed a wurinsu mutum biyu ne. Takardar cikakken sakamakonka ta jami'a ma ka fara nemanta yanzu, domin a jami'o'inmu takan ɗauki lokacin da ba ka zata ba.

Wani abu da ya kamata ka yi a daren nan, bai fi rabin awa ba: ka buɗe shafin kowace makaranta da ke ranka ka karanta sharuɗɗanta da idonka. Galibinsu suna karɓar wata jarrabawar neman gurbi mai suna GRE a madadin GMAT. Ita ma GRE an gajarta ta a 2023 ta koma ƙasa da awa biyu, kuma tana ba da kalkuleta a lissafi, sai dai tana neman tarin kalmomin Turanci masu wuya. Tunda ka riga ka yi nisa a GMAT kuma aikinka na lambobi ne, ban ga dalilin sauya doki a tsakiyar tafiya ba, sai in bayan mako shida gwajinka bai motsa ba, a nan sai ka gwada GRE ɗaya ka kwatanta. Ka kuma duba matsakaicin makin waɗanda kowace makaranta ta ɗauka bara. Matsakaici ne, ma'ana akwai da yawa da suka shiga da ƙasa da shi.

In Disamba ta zo kana 595 ko 605, kana da zaɓi biyu, dukansu masu mutunci. Ko ka tura wa makarantun da wannan makin ya dace da su, ko ka haƙura da Janairu ka nufi zagayen farko na karɓar takardun neman gurbi a Satumba mai zuwa. Na fi karkata ga na biyun in tallafin karatu ne zai kai ka, domin masu nema da wuri sukan tarar da asusun tallafi bai taɓu ba, kuma kana da watanni na ƙara makin a hankali. Sakamakon GMAT yana aiki har shekara biyar, kai kuma a lokacin shekarunka 33 ne, albashinka na shigowa, tanadinka ya ƙaru. Wannan ma ka gaya wa maiɗakinka tun a zaman farko, don kada ta ji shi a Disamba kamar ka saɓa alkawari.

Allah Ya ba da sa'a. A gaida mutanen gida.